Mawaƙan Girka Bakwai na Modu Mai Fenti

Duk wanda ya san Modu mai fenti a Jimeta ya san ba a tsayawa a kansa in yana aiki. Dattijo ne Babarbare, shekara arba'in yana zana dawisu da zaki a jikin manyan motoci, kuma bakinsa ya fi kananzir saurin kama wuta.

Ubansa, Ɗanburam, kuku ne na wani Baturen Girka mai sayen fata a bakin Binuwai. Da Baturen zai koma gida, ya bar masa gwangwanin biskit ɗauke da tsofaffin hotuna bakwai na zanen hannu, kowanne bai kai tafin hannu ba. Wai mawaƙan ƙasarsu ne na zamanin da. Akwai makaho mai gemu, akwai mace rungume da wani abu kamar molo. A jikinsu Modu ya koyi zane, da burushin da ya haɗa da gashin jelar akuya. Ko matarsa Kellumi ba ta isa ta taɓa gwangwanin nan ba.

Sai shekarar da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, aka ce gobe ko jibi suna Yola. Gari ya ruɗe, mutane suna binne takardun makaranta. Modu yana tasha wajen aiki, babban ɗansa Suhaib, malamin firamare, ya haɗa wuta a tsakar gida. Ya zuba satifiket ɗinsa da katin aiki da albam ɗin hotunan gidan kaf, sannan ya juye gwangwanin a kai.

"Baba, in sun shigo sun ga wannan, yanka mu za su yi," in ji shi, da Modu ya dawo ya tarar da toka.

"Sun shigo? Ka gan su? Matsoracin banza! Kai ka yi musu aikin tun ba su iso ba."

Ba su kuwa shigo ba. Wannan ya fi komai ƙona wa Modu rai. Ya daina amsa gaisuwar Suhaib. Kullum da safe ɗan zai durƙusa, uban ya juya masa ƙeya yana wanke burushi. Kellumi ta roƙa har ta gaji. Wata bakwai ana haka, kan 'yan takardu.

Ranar da bom ya tashi a kasuwar Jimeta, Suhaib ya je saya wa uban fenti shuɗi ne, ko zai huce. Bai dawo ba, wayarsa ma ba a samu ba.

Yau Modu ya bar zanen mota. Yana zaune a zaure da 'yan guntayen kwali. Mawaƙan nan bakwai ya sake zana su daga ka, ba abin da ya ɓace masa, har tabon da ke kuncin makahon. Wani malamin jami'a ya zo yana yabo, yana neman saye, Modu ya kore shi da zagi.

Kwali na takwas, na fuskar Suhaib, ne ya gagare shi. Shekara goma yana gwadawa. Ya zana ya kai wa Kellumi, ta duba ta girgiza kai.

"Ba haka idonsa yake ba."

"To yaya yake? Ke kika haife shi, faɗa mini!"

Ran nan dai ta faɗa masa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Wata bakwai yana durƙuso a gabanka, Modu. Da ka ɗaga kai ka duba."