Gitocin Kawu a Cikin Rumbu

Ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, wata Laraba, mota ta tsaya a ƙofar gidan Kawu a Tasawa. Na san lokacin daidai domin ina zaune a zaure ina bitar darasi, agogon Kawu yana ajiye a kan kayena, wato littafin rubutuna. Mutum biyu masu kaki suka sauko, suka ce ana son ganin Mushe, wato Kawu, kamar yadda ake kiran malaman boko, a Maraɗi, magana ce ta kwana ɗaya. Sojoji ke mulki a lokacin, kuma ba wanda ke tambayar mai kaki wace magana ce.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, malamin lakwal, wato makarantar boko. A gidansa nake zaune tun da na baro ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe, na shiga kwaleji. Ya shiga ciki ya canja riga, ya yi sallama da matarsa, wadda nake kira Tanti, sannan ya tsaya a kaina ya sakar mini makullin ɗakinsa a cinya.

"Ɗiyata, kin san aikinsu. Kar ki bar su da ƙishirwa."

Gitocinsa yake nufi. Uku ne. Akwai baƙa wadda ya saya yana ɗalibi, akwai ƴar ƙarama ja mai tsirkiyoyin wayar birkin keke, sai babbar, mai launin zuma, wadda ba ya bari kowa ya ɗauka sai ni. Ban iya kiɗa ba, ban ma taɓa roƙon a koya mini ba. Ni ce mai tsumma. Kowace safiya nakan jiƙa tsummoki uku, in sa kowane a gwangwanin sardin da Kawu ya huhhuda da ƙusa, in tura cikin jakar kowace gita, don kada bushewar iska ta tsaga katako. Nakan goge tsirkiyoyi da ɗigon man keken ɗinki. Idan ya gama kiɗa in sassauta su, in rataye gitocin a jikin azara, nesa da bango, saboda gara. Aiki ne da ba ya buƙatar magana, shi ya sa nake son sa.

Damina ta ƙi a shekarar. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, har Tanti kan wuni a layi ta dawo da bokiti biyu na ruwa mai laka. Daga rabona na sha nake rage rabin moɗa. Ran da ta kama ni ta riƙe haɓa.

"Mutane na neman na alwala, ke kina shayar da katako!"

Amma ba ta hana ni ba.

Kwana ɗaya ya zama mako biyu. Kawu ya dawo daga baya, bayan wata biyar, a rame, amma a lokacin ba mu san zai dawo ba. Sai maƙwabciyarmu ta shigo da labari, murya ƙasa-ƙasa, wai ana bin gidajen malamai ana kwashe kasat da gita, saboda wasu waƙoƙin ƴan tawayen arewacin ƙasar da hukuma ba ta so. Ba ta ga an yi ba, ji ta yi. Tanti ta dube ni ta ce ko dai su bar ɗakin nan yau, ko su shiga murhu.

Ni na kawo shawarar rumbu. Rumbun ƙasa ne a bayan gida, mai hular ciyawa, kuma a shekarar ba ko zangarniya ɗaya a ciki. Na naɗe gitocin a buhuna, na hau tsani na zura su ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ina hawa da safe ina canja tsummoki. A rana ta huɗu wata tsohuwa ta yi sallama da ƙwarya a hannu. Ta ce ta hango yarinya na hawa rumbu, a taimaka mata da ko tiya guda, jikokinta ba su ci ba. Tanti ta rantse mata ba hatsi, tsohuwar ta tafi ba ta yarda ba.

"Kin gani?" in ji Tanti. "Gobe unguwa duka za ta ce muna ɓoye hatsi, jibi masu kaki su zo su leƙa. Kar in ƙara ganin ƙafarki a kan tsanin nan."

Kwana tara ban hau ba. A aji ina kallon allo, hankalina na cikin rumbu. Duk motar da ta rage gudu a hanyarmu sai in leƙa waje. Na rasa wanne na fi tsoro, a zo a same su, ko a bar su su bushe.

A rana ta goma, da azahar, lokacin da zafi ya kori kowa cikin ɗaki, na hau. Da na ɗaga hular, iskar da ta bugi fuskata kamar ta bakin tanda. Baƙar da jar lafiya lau. Babbar kuwa, tun kafin in buɗe buhun na ji tsirkiyoyinta a ɗaure tamau. Da ita Kawu ya yi kiɗa a safiyar ranar da aka tafi da shi, ni kuma, mai rubuta komai a kaye, na manta ban sassauta ba. Fuskarta ta tsage, daga ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi har ƙasa. Farcena na shiga tsagar.

Na mayar da biyun ɗaki ba tare da na nemi izini ba. Babbar na cire mata tsirkiyoyi, na tura ƙarƙashin gadona. Tambaya ɗaya nake yawo da ita: za ta sake yin sauti? Na je wurin kafintan unguwa, na fara bayani, ya ɗaga hannu.

"Ban ji komai ba, ke ma ba ki zo ba. Gaida Tanti."

Wani abokin Kawu, wanda suke kiɗa tare, da ya hango ni sai ya tsallaka titi.

Ranar kasuwa na tuna da gyartai, tsohon da ke ɗinke fasassun ƙore a gindin gawo, can bayan masu tukwane. Na naɗe gitar a tabarma na ɗora a ka. Hanyar kasuwa ta bi ta gaban wata rumfa inda masu kaki ke zama. Na sunkuyar da kai ina ƙirga takuna.

"Ke, ƴar lakwal! Me aka naɗe haka?"

Ɗaya daga cikinsu ya taso da sanda, ya ƙwanƙwasa tabarmar. Ta amsa, ɗum. Na ƙara riƙe ta da kyau.

"Ƙwarya ce ta fashe. Wurin gyartai za ni."

Ya dube ni, ya dubi tabarmar, ya yi tsaki. "Bana ƙwaryar kowa fanko ce, me za ku zuba a ciki? Wuce."

Na wuce har gindin gawon. Na durƙusa na gaida tsohon, na ɗan buɗe bakin tabarmar. Ya leƙa, ya dubi hagu da dama, ya jawo ta bayan tarin ƙorensa.

"Amaryata, wannan wace irin ƙwarya ce mai wuyan raƙumi?"

"Ta Kawuna ce, Baba."

"Mushen da aka tafi da shi?"

Na gyaɗa kai. Bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki basilla, na yi sauri na kare gitar da hannu, sai ya ajiye basillar.

"Kwantar da hankalinki, ba zan huda ta ba. Wannan ba furar kowa za ta riƙe ba."

Ya bi tsagar da jiƙaƙƙen yatsa sau da yawa, har katakon ya ɗan saki. Ya fere ɓallin ƙwarya ƙanana guda huɗu, sirara kamar farce, ya shafa musu ƙaro. Hannunsa bai shiga ramin gitar ba, sai ya kama nawa.

"Naki ne zai shiga. Lalubo tsagar daga ciki. Kin ji ta? To ɗora a gicciye, ki danna. Kar ki saki sai na ce."

Haka muka yi sau huɗu, gumi na ɗiga daga haɓata. Sannan ya ɗaure cikinta da igiyar kaba, ya ce kwana uku kar a kwance, kar ta ga rana, kuma in an mayar da tsirkiyoyi a ja su kaɗan-kaɗan. Na naɗe tabarmar, na miƙe, na sake durƙusawa.

"Baba, za ta yi sauti?"

Ya ɗauki wata ƙwarya da ya ɗinke, ya buga ta da yatsa, ya buga wata sabuwa, ya bar ni na saurari bambancin.

"Za ta yi, har a yi rawa. Amma ba da muryarta ta da ba, kuma mai ita zai gane tun bugun farko. In Allah ya dawo da shi, ki faɗa masa da bakinki kafin ya ɗauke ta."