Yakuwar Gindin Kicin

Har gobe ba zan manta da daminar da yakuwa ta kusa raba kakata da aminiyarta ba. Lokacin ina ƙaramar sakandare, muna zaune a Lokuwa, ni kuwa irin yaran nan ce da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Dada, haka muke kiran kakar, tana shuka yakuwa a gindin kicin, daidai inda ruwan sama ke zubowa daga tsohon kwanon rufin da kakana ya sa. Shekarun farko ganye ya yi shar, har maƙwabta na zuwa roƙon ƙasar wurin. Sai a hankali ya soma rawaya, ya ƙi girma. Dada ta ce bakin Goggo ne, maƙwabciyarmu, don ita ta fi kowa yabawa. Ta daina kula ta.

Ni dai na lura rawayar a layi take, tana bin ɗigon kwano. Gaba kaɗan, ganye lafiya lau. Na daɗe ina juya maganar kafin na tari malamin noma, ina murza bakin hijabi. Ya ce kwano da sinadarin zink ake shafe shi, ruwa na wanko shi. Kaɗan abinci ne ga shuka, amma in ya taru shekara da shekaru, musamman a ƙasa mai tsami, sai ya koma guba.

"Wa ya nuna miki layin?"

"Ni na gani, Malam."

"To, kina da ido."

Ban san sa'ad da na iso gida ba, takalmi a hannu, ina ta dariya ni kaɗai. Na jawo Dada gindin kicin ina faɗa mata abin da malam ya ce, magana na tuntuɓe a bakina. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa.

"Wato kwanon kakanki ne mayen?"

Sai ta leƙa ta katanga. "Ke tsohuwa, kina da rai? An wanke ki."

Goggo ta ce, "Da bakina na da wannan ƙarfin, ai da sauran haƙoranki zan fara."

Dariya muka yi har na zauna a ƙasa. Da yamma su biyun suka zaɓi sabon wurin shuka, nesa da kwano, suna gardama.

A ranar na koyi cewa abin da ya ciyar da kai bara yana iya cutar da kai bana in ya taru. Kuma kafin ka zargi maƙwabci, fara duba rufin gidanka.