Peeran Ditta da Itatuwa Talatin da Ɗaya a Rami Guda

Ranar Alhamis da ta gabata majalisar garin Jhokwala, a kudancin Punjab, ta sallami mai lambunta, Peeran Ditta, bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki. An yafa masa mayafi, an ba shi agogon bango, shugaban majalisa ya kira shi da sunan wani sau biyu. Da safiyar wannan ranar ce kuma ma'aikatan hanya suka shafa jan fenti a jikin itatuwa ashirin da shida da ya dasa ya yi rainonsu a bakin magudanar ruwan gonaki, alamar za a sare su.

Duk wanda ke bin wannan hanya ya san shi. Da an idar da sallar asuba zai fito da kekensa, garwa biyu rataye a baya. Ya ɗebi ruwa a magudana, ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ƙanana ya shayar, manya ya duba ko akuya ta ɓare su. Sai ya gama sannan ya wuce ofis. Ba a taɓa sa shi wannan aikin ba.

Asalin itatuwan ya samo ne daga wata al'ada ta majalisa. Kowace damina, a watan Agusta, babban jami'in gunduma kan zo dashen itace. A harabar ofishin kuwa wuri ɗaya ne tak da allon sunan majalisa ke fitowa sosai a hoto. Don haka kowane jami'i a wannan ramin yake dasa nasa. Ana gobe biki sai a ce wa mai lambu ya tuge na bara ya yar.

A shekarar farko Peeran ya tuge, ya tsaya riƙe da ɗan darbejiyar bai san inda zai yar da abu mai rai ba. Ya naɗe saiwar a jiƙaƙƙen buhu, ya ɗora a keke, ya dasa a hanyarsa ta komawa gida. Ƙaramin allon ƙarfen da ke ɗauke da sunan jami'in ma ya tafi da shi, ya kafa a gindin itacen, don a ganinsa kayan mutum ne. Haka ya yi ta yi kowace shekara. Biyar sun mutu. Sauran, darbejiya da mangwaro da shisham, yau sun yi inuwa mai tsawon kusan rabin kilomita.

Mithu, mai shayin da ya kafa teburinsa a wannan inuwa, ya ce a shekarar da aka rufe magudanar na wata biyu don a yashe ta, da idonsa ya ga Peeran yana kawo ruwa daga famfon gidansa, sawu tara a rana. Matar Peeran, Bakhtan Mai, ba ta musa ba. "Ni da bauna muna jiran ruwa, shi yana can yana shayar da manyan gwamnati," in ji ta. "Wancan itacen mai ƙusumbi, na Sahib, babban jami'in shekarar ambaliya, ya fi ni shan ruwan gidan nan."

Kai ne, Peeran Ditta, wanda aka ce ya yar ya ƙi yarwa. Manya talatin da ɗaya sun riƙe shebur na minti biyu biyu, an tafa musu. Kai ka riƙe garwa.

Da Peeran ya ji labarin faɗaɗa hanyar wata biyu da suka wuce, ya sa fararen kaya ya tafi wurin injiniya, wani matashi mai suna Tanveer Gondal. Injiniyan ya shimfiɗa taswira, ya nuna masa da biro.

"Baba, ka ga itace a nan?"

"Sahib, takarda ce. Itatuwan suna waje."

"A taswira fili ne. Da akwai itace, da sai mun nemi izinin ofishin gandun daji kafin mu sare. Tunda babu, ba ma buƙatar izini."

"To in babu su, me za ku sare?"

"Wannan kuma aikin ɗan kwangila ne, Baba. Ka sha shayi?"

Ya sha shayin, ya wuce ofishin gandun daji. A can aka ce suna kare itacen da ke cikin rajista ne kawai. Za su iya shigar da nasa, amma daga nan doka za ta tambayi wanda ya yi dashe a filin gwamnati ba tare da izini ba. Magatakardan ya rage murya ya ce, "Baba, don girmanka, mu ɗauka ba ka zo ba."

Sai ya koma gida, wato majalisa, inda ya tabbata an san itatuwan. An kuwa san su. Rajistar majalisa ta nuna guda talatin da ɗaya, ban da na bana, dukkansu a harabar ofis, dukkansu a raye. A kan wannan rajista aka ba majalisar takardar yabo ta dashen itatuwa sau uku, suna rataye a bango. Peeran ya leƙa ta taga, ya ga ramin nan da ɗan mangwaron bana a ciki, bai kai ƙugunsa ba.

"Sahib, talatin da ɗaya a ina?"

"A rajista," in ji sakataren majalisa. "In muka rubuta cewa suna bakin magudana, mun ce rajista ƙarya ce. Kana so a ce manya talatin da ɗaya sun yi ƙarya?"

Peeran ya ce ba ya so. Ya fito yana lissafi da yatsu. A wurin da babu itatuwan, suna nan da ransu har da biyar ɗin da ya binne. A wurin da suke, babu su. A cewar Mithu, Peeran ya zo ya zauna a bencinsa, sannan ya tambaya ko shayin da ke hannunsa yana cikin wata rajista.

Bai tsaya nan ba. Ya sa mai rubuta wasiƙu a bakin kotu ya rubuta wa tsofaffin jami'an da ke raye, su goma sha huɗu, cewa za a sare itatuwansu. Mutum ɗaya ya zo, dattijo mai sanda, a mota daga birnin Multan. Ya bi alluna har ya sami sunansa a gindin wani shisham da mutum biyu ba sa iya rungumewa. Ya daɗe a tsaye. Peeran ya ɗauka kuka zai yi. Sai dattijon ya juyo ya tambayi dalilin da ya sa allonsa ya fi na wanda ya gaje shi ƙanƙanta. Ya sa direba ya ɗauke shi hoto, ya tafi.

Zuwan nasa dai ya yi amfani ɗaya. Hoton ya fito a jarida, aka kafa kwamiti na ofisoshin uku don ya gano ko itatuwan suna nan.

Peeran Ditta, masu zama a inuwar nan sun gode maka: mata masu jiran mota, masu keken ɗaukar rake, da Mithu. Wannan shafi ma ya gode. Duk wanda aka miƙa wa abu mai rai aka ce ya yar don a yi hoto, ya tuna akwai wanda ya nemi buhu ya jiƙa.

Kwamitin zai zauna ranar ashirin ga wata. Takardar ɗan kwangila ta ce a fara sara ranar sha huɗu. Peeran ya kai takardun biyu ofisoshi uku yana tambayar wacce za ta riga, kowa ya ce masa dukkansu daidai suke. Jiya da safe yana bakin magudana da garwarsa. Ya ce shi bai yi karatu ba, wataƙila a wurin gwamnati ashirin kan riga sha huɗu zuwa.