Inna Rakiya Ta Ƙi Hawa Dandamali

Cikin duk tarukan da na gabatar a Alƙahira, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ta wani bikin yaye ɗalibai a ƙarshen 2014. Ku sababbin shiga aikin gabatar da taro da kuke ta fama da haddar kalmomi, ku ba ni kunnuwanku.

A lokacin ina aiki da wani kamfani a unguwar Dokki da ke shirya wa ofisoshin jakadanci taruka. Na fara da zaunar da baƙi, wato in san wa ke gaba da wa, kada a ɗora ƙaramin sakatare a kujerar jakada. Daga baya shugabarmu, Madam Nadiya, wata Bamisiriya mai tsanani, ta ɗaga ni zuwa mai gabatarwa. Turanci daga Zariya na zo da shi. Fotugis kuwa a nan na tsince shi, kuma na biki ne kawai. Na iya Sua Excelência, wato Mai Girma, na iya ilustres convidados, wato manyan baƙi, kamar yadda nake zuba Your Excellency da distinguished guests. Amma a aike ni in sayo tumatir da Fotugis, wallahi sai dai a kwana da yunwa.

Ofishin jakadancin wata ƙasar Afirka mai magana da Fotugis ne ya ba mu aikin, don karrama ɗalibansu da suka gama jami'a. Suna da al'ada mai kyau. Ɗalibi ba ya hawa dandamali shi kaɗai. Sai ya zaɓi wanda ya tsaya masa a karatu, namiji a ce masa padrinho, mace madrinha. Su hau tare, a gaban jakada, mai raka shin ya rataya masa faixa, wani dogon ƙyalle mai launin tutarsu. Aikina in kira sunan ɗalibi da na mai raka shi, da Fotugis sannan da Turanci.

A ranar gwaji kowa ya zo da nasa, ban da Mariama, wadda ta karanta aikin jinya. Madam ta tambaye ta ina madrinha ɗinta, ta ce babu. Madam ta ce, "Ma'alish, ba komai, sai ki hau ke kaɗai, wani ma'aikaci ya miƙa miki ƙyallen."

Da aka tashi na same ta a bayan zaure tana share hawaye. Da Larabci muka yi magana. Mahaifiyarta ta rasu tana tsakiyar karatu, ba ta ma samu zuwa jana'iza ba. Tun daga nan wata tsohuwa a benensu na unguwar Hadayek el-Maadi ta ɗauke ta, ci da sha, jinya, har faɗan dawowa da wuri. Tana faɗin sunan na ce, "Inna Rakiya mai waina?" Duk Bahaushen Alƙahira ya san ta. 'Yar Maradi ce da ta daɗe a garin.

"Ita na roƙa," in ji Mariama. "Ta ce Allah ya kiyaye ta hau. Ni dama na sani, tausayina kawai take ji. Kowa tana kiran sunansa, amma duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa Mariama ba. Kullum 'yar nan, 'yar nan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Washegari na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, na nufi gidan Inna da niyyar yi mata ƙorafi. Na same ta gaban tanda tana juya waina. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hadiza, yau ke ce a gidanmu? Ya maigidan?"

Muka gama gaisawa na ce, "Inna, yarinyar nan fa kowa zai hau da nasa, ita kaɗai za ta tsaya kamar marar kowa."

Ta ajiye cokali ta dube ni. "Haba Hadiza, kamar ba Bahaushiya ba! A garinku kin taɓa ganin uwa ta fito gaban jama'a tana nuna 'yarta ta fari? Ai sai a ce ba ta da kunya. Aikin gwaggo ne wannan."

Ni da mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan yayata ba, amma ban gane ba sai da aka faɗa mini. Inna ta ci gaba da juya wainarta, ta ce a hankali, "Na haihu, Allah bai bar mini ko ɗaya ba. Ita ce ta farin, ita ce autar. Zan zo, amma can baya zan zauna."

Daga nan ofis na wuce. Na ce wa Madam a bar Mariama ta sauko da ƙyallen ta kai wa tsohuwar inda take zaune. Madam ta zaro ido. A ƙa'idar aikinmu ba a juya wa jakada baya, kuma ba mai sauka daga dandamali sai ya ba shi hannu an ɗauki hoto. Na ce za ta gaishe shi tukuna, ta nemi izini, sannan ta sauka. Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Ki je ki shawo kan jami'in tsare-tsarensu. Idan jakada ya ɗaure fuska, ke kika sani." Jami'in dattijo ne mai sauƙin kai. Na yi masa bayani da Turanci, ya ce zai shaida wa maigidansa.

Ranar biki, kafin a buɗe taro, na ja Mariama gefe. Na ce mata a wurinmu mace tana kiran sunan ɗan kowa, ban da na ɗanta na fari. Wannan sunan ya fi ƙarfin bakinta. Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce, "Ke za ki gaya mini. Tun yaushe take ce miki 'yar nan?" Sai ta toshe baki da hannu.

Aka fara. Na jero Sua Excelência, na jero ilustres convidados, ɗalibai suna hawa da masu raka su ana tafi. Da aka zo kan Mariama, inda ya kamata in ce madrinha sai na ce mãe, wato uwa. Na ce da Fotugis ɗina mai ɗingishi, sannan da Turanci, mahaifiyarta tana cikin zauren nan, kuma a al'adarmu 'ya ce ke zuwa wurin uwa. Ban ambaci sunan Inna ba. Da na yi, na san tsohuwar nan ficewa za ta yi.

Mariama ta gaishe da jakada, ta karɓi ƙyallen, ta sauka. Ina ta satar kallon fuskar jakadan. Sai na ga ya miƙe tsaye. A aikinmu kuwa idan jakada ya miƙe, ba mai zama. Zaure gaba ɗaya ya tashi ya waiwaya baya.

Inna na can layin ƙarshe kusa da ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Mariama ta durƙusa a gabanta. Tsohuwar ta rataya mata ƙyallen, a karkace ma, ta ce da Hausa, "Tashi, 'yar nan, kin tara mini jama'a."

Mai ɗaukar hoto da ke kusa, wani Bahaushe, shi ya gaya mini wannan da kuma abin da Mariama ta mayar mata, da 'yar Hausar da ta koya a gidan: "Inna, kada ki faɗi sunana har abada."

Madam Nadiya da ba ta kuka, ranar sai da ta nemi hankici a wurina.

To, ku haddace kalmominku, dole ne, da su muke cin abinci. Amma duk lokacin da aka ce muku wani ya ƙi hawa dandamali, kada ku yi saurin cire shi daga tsari. Ku taka ku je gidansa ku ji dalili. Ni da ban hau metro ɗin nan ba, da Mariama ta koma ƙasarsu tana ganin ba ta da uwa a Alƙahira.