Kujerar Baya ta Hagu

Bayan an yi wa uwargidana aiki a ciki, ni nake kai ta wankin ɗinki daga Maamobi zuwa asibiti a Adabraka. A lokacin tsohuwar motata ta ɗauko wani hali. Da mun hau tudun rage gudu sai bayanta ya yi wutsiya, ta karkace hagu, sitiyari yana hannuna amma ba ya jin maganata. Hajiya tana baya, ta dafe ciki tana salati.

"Alhaji, gefen dama sau ɗaya yake ɗaga ni ya ajiye. Na hagu kuwa sai ya yi ta rawa da ni. In ba ka gyara ba, ko ɗinkin nan zai ruɓe, ba ni ƙara shiga."

Na kai wa makanikena a Nima, wanda kowa ke ce wa Masta. Ya ƙara iska a taya. Na koma, ya daidaita ƙafafun gaba. Na sake komawa, ya zauna a kujerar direba, ya zagaya layi marar tudu, ya dawo yana dariya.

"Alhaji, motan ka yana lafiya lau koraa. Hajiya ne yake tsoro."

Na yi zama a Yamai, na yi a Kano da Khartoum. A can makanike yakan danna kowace kusurwar mota da ƙarfi, ya sake, ya tsaya yana kallo. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi yana karɓar duka, shokazoba kuma ke hana shi ci gaba da lilo. In shokazoba ta mutu, taya sai ta riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa, nan bayan mota ke zamewa. Na faɗa masa da Hausa, na maimaita da yaren Twi, ya ce ai ya canza ta bara.

"Guda nawa?"

"Ɗaya mana. Wanda ya lalace."

Wannan ɗabi'a ta saye ɗaya-ɗaya ita ke ƙona mini rai. Abin da ake canzawa biyu tare!

Na buɗe ƙofar baya ta hagu na ce, "Masta, shiga nan."

Ya ce shi ba fasinja ba ne. Na ce yau dai shi ne Hajiya. Na ja mu zuwa Kawukudi, inda tuddan nan suke jere, ban rage gudu sosai ba. A na biyu kansa ya daki rufi, hularsa ta faɗo.

"Alhaji, tsaya! Za ka kashe ni ne?"

Ya sauka ya leƙa ƙarƙashi. Shokazobar hagu ta jiƙe sharkaf da mai. Ya canza duka biyun yana ƙunƙuni.

Washegari Hajiya ta shiga tana hararata. Muka hau tudun farko, bayan motar ya ɗaga ya zauna. Ta sauke hannu daga cikinta.

"To ka yi sauri mana, layin asibiti zai yi tsawo."