Alhamis ɗin Yaya a Jidda

Shekara guda bayan Yaya ta fita takaba ta tsiri zuwa Jidda duk ranar Alhamis. Mu biyu ne a gidanmu na unguwar Utaibiyya, hawa na uku, tun da mijinta ya rasu ta dawo wurina. Ta ce likitan gwiwa take gani. To, amma matar da ke haye matakalarmu da buhun shinkafa a ka, wace gwiwa ce ke damunta?

Na zuba ido. Wata ƙaramar jaka take fita da ita, ba ta barin kowa ya taɓa. Jawwal ɗinta, wayar da a da take yarwa ko'ina, yanzu kife take ajiye ta. Wata ranar da hantsi na fito daga kicin na same ta a falo, safa a ƙafa, ido rufe, tana tafiya da baya a hankali, hannu ɗaya a sama kamar ta dafa kafaɗar wani.

"Yaya, lafiya?"

"Motsa jiki ne, Auta. Likita ya ce."

Da farko na ɗauka iska ce ta shafe ta. Daga baya na ce namiji ne, domin na ga saƙo ya faɗo a wayarta da Larabci: "Da wa za ki yi a Riyad?" Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Na yi niyyar gaya wa yayanmu namiji da ke unguwar Jarwal, sai na tuna bakinsa ba ya riƙe magana.

Alhamis ta gaba na sa niƙabi na bi ta. Jirgin ƙasa ɗaya muka shiga, tarago daban. A Jidda ta hau tasi, na hau na bayanta, har wani bene mai shagon labule a ƙasa. Na ba ta minti goma, sannan na hau.

Wata mata ce ta buɗe ƙofar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Sabuwa ce?"

"Ƙanwar wata ce," na ce.

Ɗaki ne mai faɗi, daɓen katako, madubi bango guda. Mata sun kai goma sha biyu, bibbiyu, ƙirji da ƙirji, suna zagaya ɗakin a kan wani kiɗa mai kama da kukan goge. Babu namiji ko ɗaya. Ga Yaya can, ta cire abaya, tana rungume da wata dattijuwa Bamisriya, tana tafiya da baya, fuskarta a sake yadda rabona da ganinta haka tun kafin jinyar mijinta.

Da kiɗan ya tsaya ta hango ni. Ba ta firgita ba. Ta zo tana share gumi.

"Tango ake ce masa. Wata abokiyar aikina a asibiti ce ta kawo ni. Da kin tambaya."

"Na tambaya, kika ce gwiwa."

Ta ɗauki abayarta ta sa. A hanyar dawowa ta ba ni labarin cewa akwai masu irin wannan rawa a Riyad da Khubar, kuma sukan haɗu lokaci-lokaci, gari ya karɓi gari.

"Can ma mata zalla ne?"

"Ni da mata nake yi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba, Yaya."

Ta juya ta kalli taga.

Wata biyu bayan haka ta tafi Riyad ɗin. Ban hana ta ba, ban kuma gaya wa kowa ba, sharaɗina kawai ta kira ni da bidiyo daga wurin. Ta kira bayan la'asar, ta zagaya da wayar, na ga mata da teburin shayi. Tana shirin kashewa sai na ji dariyar namiji daga gefe. Ta ce mijin malamar da ke koya musu rawar ne, shi ke sa musu kiɗa. Na ce to, Allah ya dawo da ke lafiya. Har yau ban sake tayar da maganar ba, ita ma ba ta ƙara komai a kai ba.