Alƙur'anin Gwani a Gidan Haya

Haɗeja zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata, ina sallame salla, Sale direba ya danna hon a ƙofar gida. Ya same ni a shirye. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ban taɓa makara ba, ba kuwa a kan jirgin sama zan fara ba. Ingila na nufa, wurin autata Falmata, wadda take aikin jinya a can tare da mijinta Adamu.

Kayana akwati ɗaya ne, rabinsa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Abin da ya tayar da ni tafiyar kuwa yana rataye a kafaɗata cikin gafakarsa ta fata: Alƙur'anin da marigayi maigidana, Gwani Bukar, ya rubuta da hannunsa. Tun yana da rai ya ba Falmata shi, ranar da ta kammala hadda a gabansa. Tawadar gargajiya ce, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke aya. Babban ɗana, wanda ba na faɗar sunansa, ya rako ni bakin mota yana ta ɓata rai.

"Inna, gidan haya fa suke. Gidan da ba nasu ba, a ƙasar da ba tasu ba."

Na ce masa zan je in gani da idona. In wurin bai kwanta mini ba, da Alƙur'anin zan dawo.

Mun bar gari ruwan damina bai gama janyewa daga fadama ba, masu shinkafa suna girbi a cikin taɓo. Sale ya nuna mini wasu fararen tsuntsaye, ya ce irinsu ne suke sauka a dausayin garin Baturiya duk shekara daga ƙasar Turawa.

"To ai kuwa yau zan je in rama musu ziyara," na ce.

A shingen da ke gaba da Gujungu wani ɗan sanda ya leƙo, ya tambayi abin da ke cikin gafaka. Da na faɗa masa sai ya janye hannunsa, ya ce, "A saka mu a addu'a, Hajiya." Ƙarfe tara da kwata muka shiga Kano.

Cikin jirgi

Mun tashi da azahar, muka sauya jirgi a Alƙahira. Ma'aikaciyar jirgi ta so in saka gafakar a ma'ajin da ke saman kujera. Na leƙa, na ga takalman wani a ciki, na ce a'a. A cinyata ya yi tafiyar gaba ɗaya. Abincinsu na ci shinkafar na bar musu ganyen.

Garin su Falmata

Washegari da hantsi Adamu ya ɗauko ni daga filin jirgi, muka yi awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari a arewacin ƙasar. Gidan bene ne, su suna ƙasa, wata tsohuwar Baturiya tana sama. Ɗaki biyu da falo, tsaf-tsaf. Amma ina buɗe tagar kicin me zan gani? Kogi. Taku ɗari da ashirin tsakaninsa da ƙofar baya, na ƙirga da ƙafata.

"Falmata, duk faɗin Ingila ki rasa inda za ki zauna sai bakin ruwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Inna, jinin Haɗeja ne. Kuma kar ki damu, muna da inshora."

Bayan mun ci tuwo ta ɗauko takardu ta yi mini bayani. Mai gidan ya yi wa gininsa inshora, amma bango da rufi kawai ta shafa. Kayan ɗan haya kuwa, in gobara ko ɓarawo ko ruwa ya ci su, mai gida ba ruwansa. Shi ya sa ta yi nata daban, tana biyan wani abu duk wata. Ta nuna mini hoton kowane kaya a wayarta, daga firji har dardumar salla, kowanne da rasitinsa. Na ji daɗi a raina, don yarinyar da ko takalminta na makaranta ba ta iya adanawa ce ta zama haka.

Daɗin bai daɗe ba. Ta kira kamfanin don a saka Alƙur'anin cikin jerin kayan, suka ce a faɗi kuɗinsa a kawo rasit.

"Ce musu shekara biyu na zaman dirshan a kan buzu, da idon mutum guda," na ce. "Su rubuta wannan."

Ba ta fassara musu ba. Sun dai ce duk abu mai daraja a kulle shi a akwatin ƙarfe. Tana da shi kuwa, an ɗaure shi da ƙusa a ƙasan durowar kayanta, ana buɗe shi da lamba. Ta shimfiɗa sabon ƙyalle a ciki, ta saka gafakar, ta rufe.

Nata ne, na bar ta. Amma zuciyata ta ƙi. Su mutanen nan tsoronsu ɓarawo da wuta, shi ya sa suke kai dukiya ƙasa su ɗaure. Mu kuwa da muka tashi da ambaliya, duk abin da muke so sama muke kai shi. Gwani a jikin azara yake rataye gafakar nan, rani da damina. A ranar na ƙudurta cewa da ni da Alƙur'anin za mu koma gida tare.

Sanda

Mako na biyu aka tsuge da ruwa, irin wanda ba tsawa ba iska, sai naci. Na samo sanda a bayan gida, na yi mata tsaga uku da wuƙar kicin, na je na kafa ta a bakin kogi daidai inda ruwa ya tsaya. Haka ake yi a unguwarmu tun ina yarinya: ka duba da safe, ka duba da la'asar, sanda ta gaya maka ko yau a gida za ka kwana.

Falmata ta same ni a can da lema, kunya duk ta kama ta.

"Haba Inna! Mutane suna kallonki fa. In ruwa zai zo, hukuma za ta turo saƙo a waya."

"Wayar ta taɓa ganin kogin nan?"

Tsohuwar da ke sama ma ta leƙo ta taga tana tambayar ko kifi nake kamawa.

Ranar Alhamis

Falmata ta fita aiki tun shida da rabi, ina kan darduma ina lazimi. Ƙarfe bakwai na je duba sanda. Tsaga ɗaya ta nutse. Ƙarfe goma na koma, ta biyu ta tafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali launin ruwan ne. Ya koma ja, yana ɗauke da rassa da ciyawa. Wannan ba ruwan da ake yi a kanmu ba ne, na can sama ne ya taho, kuma bai gama isowa ba.

Na shigo na tarar da Adamu yana karatu. Shekara huɗu da aurensu ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ranar na ajiye kunyar surukuta a bakin ƙofa.

"Malam Adamu, tashi. Ɗauki wancan."

"Inna, saƙon da suka turo cewa ya yi a dai zauna cikin shiri."

"To shirin ke nan."

Bawan Allah ya miƙe. Katifa ta hau tebur, littattafansa suka hau kan durowa, buhun shinkafa da tufafi kuwa muka roƙi tsohuwar ta buɗe mana ɗakinta na sama muka kai su. Muka naɗe labule, muka cire wayoyin wuta. Sai na ce ya buɗe akwatin ƙarfe.

Ya tsaya yana kallona. Bai san lambar ba.

Muka kira Falmata sau bakwai. A ɗakin marasa lafiya ba ta riƙe waya. Ƙarfe ɗaya saura kaɗan, ruwa ya fara ɓulɓulowa ta magudanar banɗaki, kafin azahar ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, sanyi kamar ƙanƙara. Adamu ya gwada shekarar haihuwarta, ya gwada ranar aurensu, ya sa guduma. Ni kuwa na durƙusa a cikin ruwan ina tare bakin durowar da tawul, kamar tawul zai hana kogi. Ina kallo ruwa ya rufe rabin akwatin. Tun rasuwar Gwani ban yi kuka irin na ranar ba. Ni na ɗauko Alƙur'anin daga azararsa, ni na kawo shi nan.

Sai wayar Adamu ta yi ƙara. Ya miƙo mini.

"Falmata, lambar! Ruwa ya ci akwatin!"

"Inna, kina ɗakina? Ɗaga kanki. Bayan ƙofa."

Na ɗaga. Can sama, kusa da silin, a jikin wata sabuwar ƙusa, ga gafaka rataye cikin leda biyu, an ɗaure bakin da zare irin ɗaurin Gwani.

"Da zan fita na biya ta wurin sandarki," ta ce. "Na ga ruwa ya kusa cin tsaga ɗaya, sai na dawo na fitar da shi daga akwatin. Ban gaya miki ba don kar ki yi mini dariya."

Masauki

Ruwan ya tsaya a ƙwauri, ya kwana biyu ya janye. A nan na ga amfanin takardun Falmata, kuma ba zan ɓoye ba. Kamfanin ya kama mana ɗaki a otal har gidan ya bushe. Wani jami'insu ya zo da takalmin roba, ya duba hotunan da ke wayarta, ya rubuta firji da kafet da kujeru, ya ce za a maye su. Ya kalli katifa a kan tebur ya tambayi wa ya sanar da mu da wuri haka, don maƙwabta duk kayansu sun jiƙe. Adamu ya nuna ni. Na ce a gaya masa daga Haɗeja muke, ruwa ba baƙonmu ba ne. Tsohuwar sama kuma ta aiko a tambaye ni yadda ake tsaga sandar.

Komawa

Na cika wata biyu. Ranar da zan taho Falmata ta sauko da gafakar ta ɗora mini a cinya, ta ce in na ga ya fi dacewa in koma da shi, ba za ta ji haushi ba. Na buɗe, muka karanta shafi ɗaya tare. Ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na miƙa wa Adamu na ce ya mayar da shi ƙusarsa.

Na sauka Kano ranar Asabar da hantsi, Sale yana jirana. Ƙarfe biyar da minti goma na yamma muka shiga Haɗeja, fadama ta bushe, an fara dashen albasa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Adamu da ya sha umarni bai yi ƙorafi ba, da tsohuwar da ta buɗe mana ƙofarta.

Babban nawa ya karɓi akwati, ya dubi kafaɗata, ya ga ba komai.

"Inna, kin baro shi? A gidan haya?"

"Gidan ne na haya," na ce masa. "Mai riƙe da shi 'yar Gwani ce."